Daga Kano zuwa Yankari da iyali a mota: a ba ni shawara

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanya. Shekara uku ke nan ina yi wa yara alkawarin kai su Yankari, gandun namun dajin nan na jihar Bauchi, kullum sai wani abu ya gifta. Bana na ƙudurta, in Allah ya yarda, da an ba su hutun Disamba za mu tafi. Mu bakwai ne: ni, maiɗakina, yara huɗu, sai Hajiya mahaifiyata, wadda ta ce ita ma ba za a bar ta a gida ba. Motar Sienna ce, ta kwana biyu amma ba ta ba ni matsala a cikin gari. Tuƙina bai taɓa wuce Kano zuwa Zariya ba. Abin da na tsara shi ne mu tashi ranar Juma'a da an sauko daga masallaci, mu miƙe har Yankari mu kwana can, Lahadi mu juyo. Wa ya bi hanyar nan kwanan nan? Me zan duba a mota, me kuma za mu riƙe?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Allah ya kai mu lokacin da rai da lafiya. Ɗana, shekara 26 na yi ina jigilar fasinja tsakanin Kano, Bauchi da Gombe, saboda haka ka saurare ni da kyau. Wannan tsarin naka ka warware shi. Ranar Juma'a kasuwar Wudil ke ci, manyan motocin shanu da 'yan kasuwa sun cika bakin gada, kana iya ɓata awa guda ba ka yi nisan da za ka yi da ƙafa ba. Daga Kano zuwa Bauchi kusan kilomita 300 ne, daga Bauchi zuwa sansanin Wikki, masaukin baƙi na cikin dajin, akwai wasu sama da 100, kuma sama da 40 daga ciki bayan ka shiga ƙofar dajin ne. In ka bar Kano ƙarfe uku, magariba za ta same ka wajajen Ningi. Sauran tafiyar duk a duhu za ka yi ta, a hanyar da ba ka sani ba, da tsohuwa da ƙananan yara a bayanka. Ni da na san kowane rami na hanyar ba zan yi haka ba.

Ka tashi Alhamis bayan sallar asuba, ka kwana Bauchi, Juma'a da hantsi ka shiga daji.

Ɗan Hotoro:
Baba, a yi haƙuri, amma kamar an tsananta. Ni Kano zuwa Bauchi awa uku da rabi nake yi a Golf. Sienna kuwa ai ta fi ta ƙarfi. In ya taka sosai zai isa Bauchi kafin isha'i, ya huta kaɗan ya ƙarasa. Kwanan otal na mutum bakwai a wannan zamani ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Tsohon Direba:
Kai kaɗai ne a motarka, ko kai da abokanka samari. Shi kuwa rai shida ya ɗauko ban da nasa. Gudun da hukumar kiyaye haɗurra ta yarje wa ƙaramar mota shi ne 100 a tagwayen hanya, 80 a hanya mai falle ɗaya, 50 a cikin gari. Bayan Wudil hanyar Birnin Kudu falle ɗaya ce, tana ratsa garuruwa, ga masu babur, ga awaki, ga shanu na tsallakawa da yamma. Abin da ya fi ba ni tsoro da dare shi ne tirelar da ta lalace aka bar ta a kan kwalta babu fitila, sai 'yan rassan itace da aka jera a baya. Na taɓa taimakawa aka ciro mutane daga motar da ta shige ƙarƙashin irin wannan. Har yau in na tuna sai barci ya gagare ni. Kuɗin ɗaki biyu bai kai wannan ba.

Maman Sadik:
Ni dai na goyi bayan Baba, kuma zan ƙara da abin da maza ba sa lissafawa. Ku in kun kama sitiyari, burinku kawai a isa. Mu ne a baya muke fama da mai jin fitsari, da mai amai, da mai kukan yunwa. Bara da muka je biki Bauchi, maigidan ya ƙi tsayawa, wai sai mun kai Birnin Kudu, ƙaramar 'yata ta amaye mini jiki tun daga Takai. Da ruwan gora na wanke zanina a bakin titi.

Baban Hanifa, ka gaya wa maman yara ta tanadi ledoji, da tsumma, da kayan canji na kowane yaro a jaka guda da za ta ajiye kusa da ƙafarta, kada a cusa ta can ƙasan but a ƙarƙashin akwatuna. Buta biyu, ta maza da ta mata, da jarkar ruwa ta alwala daban da ta sha. Tabarma ko darduma babba. Yaron da mota ke juya wa ciki a zaunar da shi inda zai riƙa kallon gaba, a hana shi kallon waya, kada a cika masa ciki da maiƙo kafin a tashi. Ɗan lemon tsami ko citta a baki yana taimakawa. Ita kuma Hajiya, kowace awa ɗaya da rabi ko biyu ka tsaya ta sauko ta taka ƙasa, saboda ƙafar manya tana kumbura in an daɗe a zaune. Kuma ka riƙa tambayarta da kanka, don surukarta na wurin, kunya ba za ta bar ta ta ce tana son zagayawa ba.

Baban Hanifa:
Wallahi wannan ta ƙarshen ko kusa ba ta zo mini a rai ba. Allah ya saka da alheri Maman Sadik. Kuma Hajiyar tana da hawan jini.

Maman Sadik:
To maganinta ya zama a jakar hannunta, da ƙari na kwana biyu ko da tafiya ta yi tsawo.

Oga Bakanike:
Bari in shigo ta ɓangarena. "Ba ta ba ni matsala a cikin gari" ita ce maganar da nake ji a bakin duk wanda aka janyo motarsa daga hanya. Cikin gari daga gida zuwa ofis ne, inji bai gama zafi ba an kashe. Doguwar tafiya ce ke tona asirin mota.

Ka kai ta gareji mako guda kafin ranar, kada ka bari sai ana gobe. Dalili shi ne in an taɓa wani abu, kana buƙatar kwanaki kana yawo da ita ka ga ko gyaran ya zauna. A juye baƙin mai, a duba lagireto da robobinsa ko akwai inda yake tsatsafo, a tabbatar fanka tana tashi da kanta, a duba fanbel, birki gaba da baya, man giya, da kan batir. Fitilu duka su kama, har da na birki.

Sai taya, nan ne mutanenmu suke sakaci. Mutum ya ga zanen taya bai cinye ba ya ce sabuwa ce, alhali 'yar gwanjo ce da ta tsufa tun a ƙasar da aka kwaso ta. Ka duba gefenta, akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019, ta tsufa ko da zanenta na nan raɗau. Irinta ce ke fashewa in kwalta ta ɗau zafi ga kaya. Safaya ma a sauko da ita a duba iska. A Sienna a ƙarƙashin mota take, mutane da yawa ba su taɓa sauko da tasu ba, sai ranar buƙata a tarar abin da ke riƙe ta ya yi tsatsa ya ƙi juyawa. Ka gwada jak da sifanar taya a ƙofar gida da hannunka.

In kuma inji ya yi zafi a hanya, ka gangara gefe ka kashe, ka jira ya huce. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto yana tafasa.

Ɗan Hotoro:
Oga ka manta takardu. Lasisi, takardun mota, inshora, wadda ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, sai abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. In komai ya cika ba wanda zai ɓata maka lokaci a shinge. Lambar gaggawa ta 'yan kiyaye haɗurra 122 ce.

Alhaji Na Kwari:
Ni fa ina karantawa ina mamaki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ke lissafin yadda zai kai yara makaranta, kai kuma za ka ƙona mai na kilomita sama da 800 zuwa da dawowa don ka kalli biri? Ga gidan zu nan a Kano. In kuɗin sun yi maka yawa, akwai 'yan uwa a ƙauye da suka fi buƙata. Iyayenmu in sun yi tafiya, ko fatauci ne, ko neman ilimi, ko zumunci, ko aikin hajji. Wannan yawon buɗe ido ba namu ba ne.

Baban Hanifa:
Alhaji, na ji maganarka kuma ban raina ta ba. Kuɗin ba yawa suka yi ba, adashi na shiga tun watan Maris saboda wannan. Motata tana shan lita ɗaya a kilomita 8 ko 9, na lissafa lita ɗari da 'yan kai. Amma ka duba, babban ɗana shekararsa 14, bai taɓa fita daga jihar Kano ba sai sau ɗaya. Ina fita suna barci, in dawo sun yi barci. Kwana ukun nan su ne za mu zauna wuri guda babu kasuwa babu ofis. Hajiya kuma tun rasuwar mahaifinmu ba ta leƙa ko'ina ba sai asibiti.

Malam Mai Almajirai:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Alƙur'ani da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Wanda ya kai 'ya'yansa suka ga giwa da idonsu, suka ga ruwa na ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ya ce musu ku ga ikon Allah, bai yi asara ba. Sanya farin ciki a zuciyar mahaifiya kuwa ba sai an ja aya ba. Sharaɗi dai kada a ci bashi, kada a tauye haƙƙin wani.

Baban Hanifa, ga naka guzurin. Tafiyarku ta wuce nisan ƙasaru, wanda malamanmu na Malikiyya suka ƙiyasta da mil 48, wajen kilomita 80. Azahar, la'asar da isha'i raka'a biyu biyu za ku yi, daga lokacin da kuka bar gidajen gari. Tunda ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba, haka za ku ci gaba har ku dawo. In ka bi limamin gari sai ka cika tare da shi. Ka koya wa yara addu'ar hawa abin hawa tun yanzu, "Subhanallazi sakhkhara lana haza wa ma kunna lahu muƙrinin", su karanta da ƙarfi in an tayar da mota. Sammakon da Baba ya ce ma yana da asali, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta.

Alhaji Na Kwari:
To Malam, tunda har da Hajiya a ciki na janye rabin maganata. Rabin da ya rage shi ne, in akwai ɗan uwa a hanya a tsaya a gaishe shi, kada a wuce ta ƙofar gidansa a je gaida namun daji.

Baban Hanifa:
Akwai kuwa. 'Yar ƙanwar Hajiya tana aure a cikin Bauchi, sun fi shekara shida ba su haɗu ba. Ka ga ma maganar kuɗin otal ta warware.

Bauchi Gidana:
Madalla, yanzu kuka zo wurina. Ina maraba da baƙi tun kafin su taso.

Hanyarku: Mariri, Wudil, ƙasar Takai da Kachako, Birnin Kudu, a Babaldu ka karya kwana zuwa Ningi, sai Kafin Madaki, sai Bauchi. Don Allah kada ka bi ta kamar wanda aka koro. A Birnin Kudu akwai duwatsu masu zanen mutanen da, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, hotunan shanu ne a jikin dutse tun zamanin da ba wanda ya san masu zanawar. Ka nemi ɗan gari ya raka ku, rabin awa ya isa. In kun doshi Ningi ka rage gudu yara su kalli duwatsun nan, ka ba su labari: malamai ne daga Tsakuwa ta ƙasar Kano, ƙarƙashin Malam Hamza, suka yi hijira zuwa cikinsu a shekarun 1840 bayan saɓani kan haraji, kuma daga nan aka kafa daular da ta gagari Kano da Bauchi shekaru masu yawa. Duk wanda ya ga yadda duwatsun suke zai gane dalilin da doki bai yi tasiri a wurin ba.

A cikin Bauchi, da la'asar ku je kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan da aka kashe a Janairun 1966. Akwai ɗakin da aka ajiye wasu kayansa. Da safe kuma kada ku karya da komai sai masar Bauchi da miya, tana fitowa daga tanda. Kanawa ku yi haƙuri, wainarku ba ta kama ƙafarta ba.

Daga nan ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka bar ta ka nufi Mainamaji inda ƙofar take. Ka cika tanki a Bauchi, ka riƙe tsabar kuɗi, don sabis yana ɗaukewa a wasu wuraren, kada ka dogara da tura kuɗi ta waya. Ka kira ka kama ɗaki tun da wuri saboda Disamba lokacin cika ne, kuma a wannan kiran ka tambayi halin da hanya take ciki a makon. Matambayi ba ya ɓata.

Malama 'Yar Jami'a:
Ƙarin bayani kaɗan, don na kai ɗalibai sau biyu. Dajin yana ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Amma gaskiya in don ganin dabbobi ne, Disamba ba shi ne lokacin ba. Ciyawa ba ta gama kwantawa ba, akwai sauran ruwa a wurare, dabbobin a warwatse suke. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ne ƙishirwa ke taro su bakin kogin Gaji. Me zai hana ka jira hutun zango na biyu?

Bauchi Gidana:
Malama, gaskiya kika faɗa, amma ki tuna zafin Afrilu da tsohuwa mai hawan jini. Kuma daɗin Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin da ke gefen sansanin, a lokacin hunturu yake. Ruwan nan zafinsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Ka sauka da sassafe iska na kaɗa ka, haƙora na haɗuwa, ka tsoma ƙafa ka ji ɗumi kamar an surka maka. Garau yake, kana ganin farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka.

Malama 'Yar Jami'a:
Na yarda. To kada dai a yi wa yara alkawarin giwa ko zaki, kada su dawo da ɓacin rai. A ce musu za a ga abin da Allah ya nufa. Gwambaza, mazo da mugun dawa kusan kullum ana gani, in da rabo a ga ɓauna ko gwanki. Fitar safe ta fi. A sa tufafi masu haske da dogon hannu saboda ƙudan tsando, yana son baƙi da shuɗi. Yaran da ba su iya iyo ba su tsaya inda ruwan bai da zurfi, babba na riƙe da su.

Sai birai. Na sansanin ba sa tsoron mutum ko kaɗan. A gabana wani ƙato ya fizge ledar burodi daga hannun ɗalibata, ya hau rufin ɗaki ya zauna yana ci. A rufe gilashin mota, a kulle ƙofar ɗaki da taga, kada yaro ya fito da abinci a hannu.

Maman Sadik:
Tunda an zo maganar abinci: dambun nama, soyayyar kaza da aka soya ta bushe, ƙuli-ƙuli, dabino, cincin, gurasa, da shayi a fulas. Kada a ɗauki abin da ke da miya ko kwaɗon da zai lalace kafin azahar. Fura a tafi da ita a dunƙule, a dama a inda aka sauka.

Tsohon Direba:
Saura ɗaya. Disamba akwai hazo, wata safiyar ba ka ganin abin da ke gabanka da nisa. In ka fito ka tarar da haka, kunna fitila, ka bi a hankali har rana ta ɗaga, kada ka wuce wata mota sai kana ganin gabanka sarai. Daren tafiya ka kwanta da wuri. In ka ji idonka na lumshewa, kada ka ce goro ko shayi zai riƙe ka, ka sami gari ka tsaya gindin bishiya ka runtsa minti ashirin.

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto kamar yadda ya kamata. Jiya da la'asar muka shigo gida lafiya, alhamdu lillahi.

Oga Bakanike, tayoyina biyu na baya 2017 aka rubuta a jikinsu, na canza su. Safaya kuwa babu iska ko kaɗan. Mun tashi Alhamis ƙarfe shida da rabi, mun tsallake gadar Wudil babu cunkoso. Mun tsaya sau huɗu kafin Bauchi. A bayan Babaldu muka shimfiɗa tabarma a gindin wata tsamiya muka karya, wani dattijo da ke aiki a gonarsa ya kawo mana gyaɗa cikin hularsa, ya ƙi karɓar ko sisi, sai dabino Hajiya ta ba shi. Labarin Malam Hamza sau uku yara suka sa na maimaita.

Haɗuwar Hajiya da 'yarta ba zan iya kwatanta ta ba, sun rungume juna a zaure suna kuka, sai bayan sha biyun dare suka kwanta. Alhaji, Allah ya biya ka da ka tuna mana.

Ba mu ga giwa ba, sai sawunta da kashinta a kan hanya, ɗan jagora ya sauko ya nuna wa yara faɗin sawun, Hanifa ta sa ƙafafunta biyu a ciki. Mun ga gwambaza da yawa, da mugun dawa da 'ya'yanta suna gudu wutsiya a tsaye. Biri ya tafi da gurasa ɗaya duk da gargaɗin Malama. Ranar Asabar da sassafe na riƙe hannun Hajiya muka sauka matakalar Wikki a hankali, ta zauna a baki ta tsoma ƙafafunta, ta yi shiru ta daɗe, sai na ji tana tasbihi ƙasa-ƙasa. Da na ce mu tashi ta ce a ƙara mata kaɗan.

Yanzu ta ce bayan salla ƙarama sai an koma da ƙanwarta. Bauchi Gidana, mun ga allon gandun dajin Sumu a hanyar Kafin Madaki, an ce akwai raƙuman dawa. Sienna za ta iya shiga, ko sai mota mai tsayi?

Bauchi Gidana:
Barka da dawowa, a gaida Hajiya. Akwai su, har da jakunan dawa, daga Namibiya aka kawo su. In da rani ne za ta shiga. Ka sanar da ni ana saura mako guda in tambayo maka yanayin hanyar, kuma wannan karon masar a gidana za ku ci.